Kurege da Yaɗiyar Gwaggo Bushiya

Da sunan Allah, Mai rahama, Mai jin ƙai. Godiya ta tabbata ga Wanda ya saukar da ruwa daga sama, Ya rayar da ƙasa bayan mutuwarta, Ya yanka wa kowane tsiro lokacinsa, Ya kuma dasa son gida a zukatan halittunsa, manya da ƙanana. Tsira da aminci su tabbata ga Shugabanmu Annabi Muhammadu, da alayensa, da sahabbansa baki ɗaya.

Bayan haka, jikokina, ku matso kusa da wuta, ku bar wa ƙaramarku gefen da hayaƙi ba ya bi. Na san dabba ba ta magana, ku ma kun sani. Amma misali hanya ce daga hanyoyin ilimi, kuma a mazhabarmu dariya ba ta karya alwala.

Ga ta nan, ga ta nanku, ta biyo danga tana yaɗo.

Ta zo mu ji ta, Malam, ta sami wurin kamawa.

A wani gari da ake kira Tudun Tsakuwa, an yi wata tsohuwar Bushiya. Kowa Gwaggo yake ce mata. Ba 'yar garin ba ce. A Kwarin Marke aka haife ta, can nesa, bayan daji da fadama. Wata shekara fari ya koro su, ita da mijinta, suka zo nan suka kafa gida. Miji ya rasu, 'ya'ya suka watse neman abinci, ta rage ita kaɗai da rumbunta na gyaɗa. Ƙafarta gajera ce tun asali, tsufa ya ƙara gajarta ta. Idonta ya yi yana. Amma hancinta bai tsufa ba.

Ba ta rasa ci ba, ba ta rasa sha ba. Abu ɗaya ta rasa, shi ne yaɗiya. Kun san ta, mai bin danga, wadda ganyenta yake nan kore ko da rani ya ƙone komai. Furenta ƙanana ne, fari-fari, a cure wuri ɗaya, ƙudan zuma suna ta kai da kawo a kansu. A Tudun Tsakuwa babu ita. Ƙasar duk tsakuwa ce, awakin garin kuma ba sa barin kore ya wuni.

Kullum da la'asar sai Gwaggo ta jawo tabarma gindin dangarta, busasshiyar danga ta kara, ta juya fuska wajen da garinsu yake, ta ɗaga hanci tana shaƙar iska. In ba ta ji komai ba, sai ta yi wannan 'yar waƙa a hankali:

Yaɗiya, bi danga ki je gida,
Ki gaida rijiya, ki gaida Inna,
Ki ce ƙafata gajera ce,
Ki ce hanyar ce ta yi nisa.

Ran nan sai ta tafi wurin Kunkuru, mai unguwarsu, ta ce, "Mai unguwa, ka zama shaida. Komawa gida ta fi ƙarfina. Duk wanda ya sa yaɗiya ta yi fure a gidana, na shaƙi ƙamshinta kafin Allah ya karɓi abinsa, rabin rumbuna nasa ne."

Kunkuru ya gyaɗa kai a hankali, sannan ya ce, "Na shaida."

Ashe Kurege yana kan katanga yana ji. Shi kuwa Kurege, in an ambaci gyaɗa a ko'ina cikin gari, wutsiyarsa ce take fara amsawa. Gari na wayewa sai ga shi a ƙofar Gwaggo, ya yi sallama da murya mai rawa kamar wanda ya sha kuka.

Ya ce, "Gwaggo, jiya na ji kin ambaci Kwarin Marke. Ashe ke ma 'yar gida ce? Ai can aka yanke mini cibiya. Dashen yaɗiya kuwa gadonmu ne, kaka da kakanni."

Jikokina, Kurege bai taɓa wuce bayan garin Tudun Tsakuwa ba.

Gwaggo ta juyo da hanci wajensa, ta shaƙa, ta ce, "Shigo, ɗan garinmu. Ka karya kumallo?"

Ya ce, "Kewar gida ta hana ni ci, Gwaggo. Amma tunda kin matsa."

Ta ɗebo masa gyaɗa a ƙoƙo. Ya ci, ya karkaɗe ƙoƙon. Suka shirya a kan zai kula da aikin, ita kuma ta ciyar da shi safe da yamma har fure ya fito.

Lokacin damina ce. Kurege ya fita bayan gari ya tumɓuko garafuni, ya dasa a gindin danga. Garafuni kuwa ba ya ɓata lokaci; nan da nan ya haye, ya yi kore shar, ya fid da fure. Kurege ya riƙo hannun Gwaggo, ya ce, "Albishirinki. Taho ki ji."

Tun ba su ƙarasa ba ta tsaya. Ta ce, "Ɗan garinmu, wannan garafuni ne. Ɗacinsa ya riga ka isowa."

Ya ce, "Dama gwada hancinki nake yi, Gwaggo. Ba kowa ake ba yaɗiya ba."

Ta ce, "To, na ci gwajin?"

Ya ce, "Kin ci. Saura ni in ci na yamma."

Da kaka ta yi, sai Raƙumi, madugun fatake, ya sauka a garin da kayan gishiri. Hanyarsa takan bi ta Kwarin Marke. Kurege ya same shi a zango, ya yi ta zuba masa kirari har Raƙumi ya yarda zai taho masa da yaɗiya in ya dawo.

Ya tafi, ya daɗe, ya dawo da jaka guda.

Kurege ya leƙa, ya ce, "Madugu, ina saiwar? Ina ganyen?"

Raƙumi ya ci gaba da tuƙa, ya ce, "Hanya da nisa, ƙanena. Ka san ni da yaɗiya. Na ce in ɗanɗana ganye ɗaya, sai na ga na kai ga saiwa. Ga dai kwanson nan, busassu, ba su yi mini ba. Iri yana ciki, ka shuka."

Jakar cike take da kwanso masu kama da ƙananan ƙahoni. In ka fasa ɗaya, sai ka ga iri a jere, kowanne da farin gashi kamar auduga.

Kurege ya ce, "Yaya mutanen garin?"

Raƙumi ya ce, "Waɗanne mutane? Kufai ne. Rijiya ta rufta, ɗakuna sun zube. Babu kowa sai yaɗiya, ta rufe ko'ina."

Kurege ya dubi hagu, ya dubi dama, ya ce, "Madugu, kada wannan magana ta kai kunnen tsohuwar nan." Ba tausayi ne ya sa shi faɗin haka ba a ranar. Tsoro yake ji kada ta yanke ƙauna, ƙoƙon gyaɗa ya yanke da ita.

Ya kai mata jakar. Ta zura hannu ciki, ta shafa, ta shafa, ta kai har ƙasa. Can ta ce, "Da yawa haka?"

Ya ce, "Mutanen gida ne suka tara miki. Kowa yana gaishe ki."

Ta ce, "Ina amsawa."

To, a nan ne aiki ya tsaya wa Kurege. Ku sani, Allah Maɗaukaki ya halicci kowace dabba da ɗabi'ar da ba ta iya tuɓewa. Ɗabi'ar kurege ita ce, duk abin da ya binne, sai ya koma ya tona ya ga ko yana nan. Haka ubansa ya yi, haka kakansa ya yi.

Ya gyara ƙasa a gindin danga, ya tsince tsakuwa, ya binne iri, ya zuba ruwa. Da safe ya zo ya tona. Iri yana nan. Ya ce, "Madalla." Ya mayar, ya rufe. Washegari ya tona. Iri ya kumbura. Ya mayar, ya rufe. Washegari ya tona, ya ga wani ɗan farin zare ya fito, ya ja shi ya ga ko ya yi ƙarfi. Zaren ya tsinke.

Gwaggo ta ce, "Ta tsiro?"

Ya ce, "Baƙunta take yi. Ba ta saba da ƙasar ba."

Ya fasa wani kwanson. Ya binne, ya zuba ruwa, da safe ya tona. Ya binne, ya zuba ruwa, da safe ya tona.

"Ta tsiro?"

"Kunya take ji, Gwaggo. Awaki suna leƙen ta."

Haka rani ya yi ta tafiya, jaka tana ramewa, Kurege yana ƙiba. Ƙoƙon safe da na yamma ma suka daina isar sa. Sai ya zaga bayan danga, ya haƙa rami daga waje, ya bi ta ƙarƙashi, ya ɓullo daidai gindin rumbu, ya huda shi. Da rana, in Gwaggo ta kwanta ƙailula, sai ya shiga ya ɗiba, ya ɓare a cikin ramin, ya bar ɓawon nan.

Amma akwai abin da bai shirya masa ba, shi ne zaman la'asar. Tunda ya ce shi ɗan garin ne, dole ya zauna a gefen tabarma a yi hirar gida.

Yakan ce, "Kin tuna rijiyarmu ta bakin kasuwa?"

Ta ce, "Ba haka ba ne, ɗan garinmu. Garinmu ba shi da kasuwa. Rijiyar a gindin marke take. Ruwanta sanyi kamar an kwana da shi a randa."

Ya ce, "Ai ita nake nufi. Kin tuna yadda muke cin yaɗiya ɗanya?"

Ta ce, "Ba haka ba ne, ɗan garinmu. Tsinkowa ake yi da safe, ruwanta mai danƙo yana kama yatsu. A dafa, a zubar da ruwan farko, a kwaɗa da ƙuli-ƙuli. Inna takan ce in ɗebo gishiri, ni kuwa sai in tsaya a gindin danga ina sauraron ƙudan zuma, har ta ƙwala mini kira. Ƙanwata takan tsinki fure ta maƙala a ƙayoyina, in yi ta yawo da shi ban sani ba. Da la'asar irin wannan, in iska ta taso daga fadama, gida duk sai ya ɗauki ƙamshi. Ba mai ƙarfi ba ne. In ka neme shi ba ka ji, sai ka manta da shi yake zuwa."

Kullum haka. Ya yi ƙarya, ta gyara, ya yi ƙarya, ta gyara. Tun yana ji don gyaɗa, har ya koma ji don ji. Ya san inda rijiya take. Ya san gidan da ke da karyayyen turmi a ƙofa. Ya san hanyar da ake bi a je fadama ba a taka ƙaya ba. Wata rana yana cikin raminsa, bakinsa cike da gyaɗar sata, sai ya ji wani abu ya tokare masa ƙirji. Ya tsaya da tauna. Ya ce a ransa, "Mene ne wannan?" Ashe kewa ce. Kurege ya kamu da kewar garin da bai taɓa gani ba, garin da shi kaɗai a gidan aka gaya wa ya zama kufai.

Ana nan sai jaka ta ƙare, saura kwanso ɗaya. Kurege ya ce, "In na shuka wannan ya mutu, aikina ya ƙare. Bari in ɓoye shi." Ya kai shi bakin raminsa na sata, ƙarƙashin inuwar rumbu, ya tura cikin ɓawon gyaɗa, ya rufe da ƙasa. Ya gaya wa Gwaggo cewa iri yana hutawa. To, kurege yana da ɗabi'a ta biyu, ita ce mantuwa. Hankalinsa ya tafi kan gyaɗa, ya manta da kwanson sarai.

Damina ta sauka. Ruwan jinkar rumbu ya yi ta ɗiga a wurin. Ɓawon gyaɗa ya ruɓe ya zama taki. Awaki ba sa kaiwa nan, faratan Kurege ma ba su kai ba.

Ran nan ya zo zai shiga rami, sai wani kore ya shafi hancinsa. Ya ja da baya. Ya tsinki gefen ganye ɗaya, ruwa mai danƙo ya kama masa yatsu. Ya zauna daɓas.

Nan take hannuwansa suka fara ƙaiƙayi. Ya ce, "Bari in duba saiwar, sau ɗaya kawai." Ya kai hannu, ya tuna jaka guda da ya kashe, ya janye. Ya zauna a kan hannuwansa. Suka zame suka fito. Ya naɗe su da wutsiya. Jikokina, an ce jihadi mafi girma shi ne wanda mutum yake yi da ransa. Na Kurege da faratansa ya yi shi.

Ga kuma wata matsala. Saiwar ta bi ta cikin ramin. In ya shiga, zai tsinke ta. Ga gyaɗa a sama, ga hanya a buɗe, ba damar bi. In kuma ya kira Gwaggo ya nuna mata yaɗiya, ya nuna mata ramin sata ke nan. In ya cire ya mayar gindin danga, ya san abin da zai faru.

Sai ya yi dabara. Ya kama yaɗon a hankali, ya ɗora a kan danga, ya nufar da shi ƙofar ɗakin Gwaggo, don ta yi fure nesa da rami. Da safe ya tarar ta juyo ta kama ƙafar rumbu. Ya sake ɗorawa. Ta sake juyowa. Ya ce, "Ke kam 'yar garinku ce, ba a gaya miki hanya." Ya ƙyale ta. Ta haye rumbu ta baya, gefen da Gwaggo ba ta zagawa.

Kurege ya koma ƙoƙon safe da na yamma. Ya rame. Ruwan shansa ma rabawa yake yi da yaɗiyar.

Gwaggo ta ce, "Ɗan garinmu, tafiyarka ta yi sauƙi. Ba ka da lafiya ne?"

Ya ce, "Kewar gida ce, Gwaggo." Wannan karon bai yi ƙarya ba.

Ita ma jiki ya fara gaya mata. Waƙar la'asar ta koma guntuwa, wata rana ma ba ta kai ƙarshe. Kurege yana gani. Kullum sai ya ce gobe zai faɗa, goben ta zo ya tuna Kunkuru da sandar hukunci, ya fasa.

Rani ya kama sosai. Ciyawa ta ƙone, itatuwa suka zubar da ganye. Bayan rumbun Gwaggo kaɗai ne kore a Tudun Tsakuwa. Yaɗiya ta yi 'yan ƙulle-ƙulle a gindin ganye, fure yana shirin buɗewa.

Da hantsi ran nan Kurege yana kan jinkar rumbu yana gadi, sai ya ga inuwa ta rufe shi. Ya ɗaga kai. Raƙumi ne, ya dawo fatauci, ya biyo ta bayan danga. Ya hango kore, ya miƙo dogon wuyansa ta saman kara, leɓensa yana rawa.

Kurege ya yi ƙasa da murya, ya ce, "Madugu, sannu da zuwa. Wannan ba ta ci ba ce."

Raƙumi ya ce, "Ganye ɗaya, ƙanena."

"Ganye ɗayanka na sani. Shi ne yake kaiwa ga saiwa."

Raƙumi bai ko dube shi ba. Ya buɗe baki.

To, ku duba lamarin. In Kurege ya yi shiru, Raƙumi zai share ta tas, babu wanda zai zaga bayan rumbu, rami ya koma nasa, gyaɗa ta koma tasa. Shaiɗan ya raɗa masa haka, kuma lissafin daidai yake. Amma sai ya ji, daga can tsakar gida, tsohuwa tana tari. Ya yi tsalle ya kama leɓen Raƙumi da haƙora.

Raƙumi ya yi wata irin ƙara da ta tashi kajin unguwa. Ya yi baya, ya yi gaba, Kurege yana lilo a leɓensa. Ƙafarsa ta taka bayan danga, ƙasa ta rufta, ramin ya buɗe tun daga waje har gindin rumbu, ɓawon gyaɗa ya bayyana tuli. Unguwa duk ta taru. Aka riƙo Gwaggo aka kawo ta. Kunkuru ya iso daga ƙarshe, kamar yadda ya saba.

Ya dubi rami, ya dubi hudar rumbu, ya dubi Kurege. Ya ce, "Ramin wane ne?"

Kurege ya tofar da gashin raƙumi, ya durƙusa, ya ce, "Nawa ne, ranka ya daɗe. Ramin dashe ne."

"Ramin dashe ya kai gindin rumbu?"

"Haka ake yi a Kwarin Marke. Yaɗiyar can ba ta kamawa sai an haƙa mata hanya zuwa abinci."

"Gyaɗar da ta fita ta hudar nan fa?"

"Ita ta ci, ranka ya daɗe."

Kunkuru ya ce, "Tsiro yana cin gyaɗa?"

Kurege ya ce, "Har ɓarewa take yi. Ga ɓawon nan, kowa ya gani. Ku dube ni, ku dube ta. Wa ya yi kama da mai cin gyaɗa a cikinmu?"

Jama'a suka duba. Ga Kurege ƙashi da fata, ga yaɗiya kore shar. Wasu suka yi dariya, wasu suka ce a kore shi daga gari a yanke masa wutsiya. Raƙumi, da kumburarren leɓe, ya ce shi a ba shi wutsiyar.

Kunkuru ya ɗaga hannu. Ya ce, "Madugu wucewa yake yi, bai san al'adar garin ba. Mu ba mu taɓa zuwa ba. Mutum ɗaya ce a nan za ta raba gardama. Gwaggo, haka ake dashen yaɗiya a garinku?"

Kurege ya runtse ido. Ya san amsar: "Ba haka ba ne." Kullum ita yake ji da la'asar.

Hankalin Gwaggo ba ya wurin. Ba ta ma ji tambayar ba. Ta saki hannun mai riƙe da ita, ta ɗaga hanci, tana takawa a hankali wajen rumbu. Zafin hantsi ya buɗe curin fure na farko. Ƙudan zuma ɗaya ya riga kowa isowa, yana ta zagaye. Ta tsaya a ƙarƙashi. Ta shaƙa. Ta daɗe a tsaye, hawaye yana bin fuskarta, bakinta yana motsi. Waɗanda suke kusa sun ce gaisuwa take yi, tana kiran sunaye ɗaya bayan ɗaya.

Kunkuru ya bari sai da ta gama, ya maimaita tambayar.

Ta ce, "Haka ne. Haka ake yi a garinmu."

Ni ban ce ku yi koyi da lafazinta ba. Na ce dai ita ce mai haƙƙi, kuma yafewa ta yi da harshen da zai rufa asiri. Mai haƙƙi in ya yafe, mai hukunci ya naɗe tabarmarsa.

Da Kurege ya ga wutsiyarsa ta tsira, sai halinsa ya dawo. Ya ce, "Ranka ya daɗe, tunda gaskiya ta fito, akwai maganar rabin rumbu. Kai ne shaida."

Kunkuru ya sa aka buɗe jinka aka leƙa. Gyaɗa ta tsaya daidai tsakiya. Ya ce, "Alkawari ya cika tun kafin yau. Rabinka ne ka ciyar da yaɗiya da shi. Allah ya ba ka lada."

Aka watse ana dariya.

Da la'asar ta yi, Gwaggo ba ta shimfiɗa tabarma a gindin danga ba. A bayan rumbu ta shimfiɗa. Kurege ya zauna a gefe, ƙoƙo a gabansa, bai taɓa ba. Raƙumi ya zo ban haƙuri, ya tsaya daga nesa inda wuyansa ba zai kai ba.

Gwaggo ta ce, "Madugu, kai da kake bi ta can, garin yana nan?"

Raƙumi ya fara gyaran murya. Kurege ya yi wuf ya ce, "Yana nan, Gwaggo. Yaɗiya ta rufe kowace danga, kowane ɗaki."

Ta yi murmushi. Ta ce, "Na sani, ɗan nan. Tun ranar da na zura hannu a jakar nan na sani. Garin da ke da mata masu tsinka da awaki masu ci, yaɗiyarsa ba ta tara kwanso har ya cika jaka. Kuma tun ranar da ka yi sallama na san ƙurar Tudun Tsakuwa ce kaɗai a jikinka. Ramin ma ina jin ka, barcin tsofaffi ba nauyi."

Kurege ya sunkuyar da kai. Ya ce, "To, me ya sa kika bar ni?"

Ta ce, "Wa zan gaya wa inda rijiya take? Yanzu mutanen Kwarin Marke biyu suka rage: ni da na fito, da kai da ba ka taɓa zuwa ba. Faɗa mini, ina rijiyarmu?"

Ya ce, "A gindin marke. Ruwanta sanyi kamar an kwana da shi a randa."

Ta ce, "Haka ne, ɗan garinmu. Ci gyaɗarka."

Iska ta taso. Ya miƙa hannu ya tsinko curi ɗaya, ya maƙala mata a ƙaya. Ta ji, ta yi kamar ba ta ji ba.

Ta ga furen wannan rani, aka ce ta ga na gaba ma. Bayan ta, Kurege ne ya ci gaba da ba yaɗiya ruwa. Har yau in kun ga kurege ya miƙe tsaye a kan ƙafafunsa na baya, ya haɗe hannuwa a ƙirji, yana hangen nesa, hannuwan riƙe su yake yi kada su tona, hangen kuma na Kwarin Marke ne.

Ƙurunƙus, kan ɓawon gyaɗa. Darasinta a bayyane yake: wanda yake son shukarsa ta kama, ya manta inda ya binne ta, wanda zai ciji raƙumi, ya tabbata yana da tsohuwar da za ta tsaya masa, wanda kuma zai yi ƙaryar gari, ya zaɓi garin da ba shi da rijiya mai sanyi, don kada ya kwana da ƙishirwarta.

Ku tashi, wuta ta ci ƙasa. Allah ya mayar da kowane baƙo gidansa, wanda gidansa ya zama kufai kuma Ya musanya masa da gidan da inuwarsa ba ta gushewa. Allah ya gafarta wa wanda ya rubuta, da wanda ya karanta, da wanda ya saurara, da iyayenmu baki ɗaya. Amin.